Minti Ashirin da Suka Raba Biki da Ranarsa

A safiyar 14 ga Janairu, ko 15 a wasu shekarun, tun gari bai waye ba dubban ɗaruruwan mabiya addinin Hindu ke tsunduma cikin ruwan sanyi a tsibirin Sagar na ƙasar Indiya, inda kogin Ganga ke zuba a teku. A birnin Ahmedabad na jihar Gujarat kowane gida kan soro yake komawa, a yi ta sakin jiragen takarda masu dogon zare, kowa na neman tsinke zaren maƙwabcinsa. A Tamil Nadu mata kan girka sabuwar tukunyar ƙasa a tsakar gida, su zuba sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila, su tsaya a kanta har ta tafasa ta zubo, sannan a ɗauki sowa. A Maharashtra kuwa kantun riɗi ake rabawa. Wasu na kiran bikin Makar Sankranti, wasu Pongal, wasu Uttarayan, amma imanin da ke ƙarƙashinsa ɗaya ne: yau rana ta gama tafiyarta zuwa kudu ta juyo arewa, dare zai fara raguwa, sanyi zai fara sassautawa.

Abin mamakin shi ne, rana ta riga ta juyo tun 21 ko 22 ga Disamba. Duk mai shakka yana iya gwadawa, ko a Kano yake. Ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, ya auna inuwarta da rana tsaka. Ranar 21 ga Disamba zai samu kimanin santimita 71, kuma inuwar tsakar rana ba ta wuce haka a duk shekara. Ranar 14 ga Janairu zai ga ta dawo wajen 66. Wato ana bikin juyowar rana bayan ta yi kwana 24 a kan hanyar dawowa. Ta yaya al'ummar da ta yi fice a ilimin taurari ta samu kanta a haka?

Tushen maganar shi ne, hanyar auna shekara iri biyu ce. Ana iya aunawa da yanayi, daga wannan juyowar rana zuwa ta gaba, a samu kwana 365 da awa 5 da minti 49. Kalandar Miladiyya wannan take bi. Ana kuma iya aunawa da taurari, a jira rana ta dawo daidai gaban tauraron da ta baro, a samu kwana 365 da awa 6 da minti 9. Makar Sankranti ta biyun yake bi, domin ranarsa ita ce ranar da rana ke shiga burujin Makara, wanda malaman hisabi suka sani da Jadyu. Tazarar shekarun biyu minti 20 ce kacal. Amma a tara minti 20 sau 72, sai a samu minti 1,440, kwana ɗaya cur. Bikin yana ƙara jinkiri da kwana ɗaya a duk shekara 72 ke nan.

Minti 20 ɗin nan daga tangaɗin duniya suke fitowa. Duniya tana juyawa a karkace, da karkatar digiri 23 da rabi, kuma ta ɗan kumbura a tsakiyarta. Rana da wata suna jan wannan kumburi, sai kan duniya ya riƙa zana da'ira a sararin sama, kamar yadda katantanwar yara ke jujjuya kai tana cikin juyi. Zagaye ɗaya yana cin shekara kusan 25,800. Saboda haka wurin da rana ke juyowa yana zamewa yamma a tsakanin taurari, digiri ɗaya a shekara 72.

Wanda ya fara kama wannan zamiya Bagirike ne, Hipparchus, wajen shekara 130 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya auna matsayin tauraro mai haske da ake kira Spica, ya gwada da awon da Timocharis ya bari shekara 150 kafinsa, sai ya ga tauraron ya gusa da kusan digiri 2. Al-Battani, wanda ya yi aikinsa a Raqqa ya rasu a 929, ya sake awon ya samu digiri ɗaya a shekara 66, kusa ƙwarai da gaskiya. Dalilin abin kuwa sai a 1687 Isaac Newton ya fayyace shi.

Indiyawa ma sun lura. A ƙarni na 6, Varahamihira na birnin Ujjain ya rubuta a littafinsa Brihat Samhita cewa littattafan magabata sun sa juyowar rana arewa a farkon taurarin Dhanishtha, amma a zamaninsa tana juyowa ne a farkon Makara. Bai ƙaryata magabata ba, ya yarda haka abin yake a lokacinsu, ya kuma nuna wa mai karatu yadda zai tabbatar da idonsa ta hanyar duba mafitar rana da inuwa. A wancan zamani shiga Makara da juyowar rana sun kusa zama rana guda, sai aka ɗaure su wuri ɗaya a al'ada da ibada. Lissafin da gwamnatin Indiya ke bi yau ya sa haɗuwarsu a shekarar 285. Daga nan zuwa yau shekara 1,740 ne da 'yan kai, a raba da 72, ga kwana 24 nan.

Mutumin da ya yi yunƙurin gyara wannan al'amari ɗan mai kanti ne daga wani ƙauye kusa da Dhaka. An haifi Meghnad Saha a 1893, kuma a 1920 ya fito da lissafin da masana ke gane zafin tauraro da shi daga haskensa, abin da ya kai sunansa ko'ina a duniyar kimiyya. A 1952, shekara biyar bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Jawaharlal Nehru ta naɗa shi shugaban kwamitin gyaran kalanda, da Nirmal Chandra Lahiri a matsayin sakatare. Kwamitin ya tarar da kalanda kusan 30 suna aiki a ƙasa ɗaya, har biki ɗaya kan faɗo a ranaku dabam-dabam gwargwadon littafin da malamin gari ke dubawa. Da yawa daga masu fitar da waɗannan littattafai, da ake kira panchang, suna bin tsawon shekarar da ke cikin tsohon littafin Surya Siddhanta, wadda ta zarce ko shekarar taurari ta gaskiya da minti uku da wani abu.

Saha ya so a ɗora shekara a kan yanayi, yadda bikin girbi zai dawwama a lokacin girbi. A kalandar hukuma ya yi nasara. Amma raba bukukuwan addini da taurarinsu abu ne da malamai da jama'a ba za su karɓa ba, sai rahoton 1955 ya raba gardama: aikin gwamnati ya bi yanayi, ibada ta ci gaba da bin taurari, aka tsayar da tazarar da ke tsakani a digiri 23 da kwata na ranar 21 ga Maris 1956. Tauraron da aka jingina lissafin a kansa shi ne Chitra, wato Spica ɗin nan da Hipparchus ya auna. Saha bai ga amfanin aikinsa ba. Ranar 16 ga Fabrairu 1956 ya yanke jiki ya faɗi a Delhi, a hanyarsa ta zuwa ofishin hukumar tsare-tsare, rai ya yi halinsa. An fara aiki da kalandar ƙasa ranar 22 ga Maris 1957, kuma har yau wata cibiyar gwamnati a Kolkata ke fitar da panchang na ƙasa duk shekara.

Shi kuwa bikin bai daina tafiya ba. An haifi shahararren malamin Hindu Swami Vivekananda a ranar Makar Sankranti ta 1863, kuma 12 ga Janairu ce. A 2024 bikin ya faɗo 15 ga wata, a 2025 ya faɗo 14, domin kwanan da ake ƙara wa Fabrairu duk shekara huɗu yana ɗan dawo da shi. Abin da ya sa ba a jin tafiyar tasa a jiki shi ne, kwana ɗaya a shekara 72 daidai yake da rayuwar mutum guda. Yaro zai tashi ya ga ana yi ranar 14, ya tsufa ya bar jikokinsa suna yi ranar 15, ba wanda ya ga lokacin da aka gusa. Sai wanda ya riƙe awon magabata da amana, ya kuma fita ya auna nasa, kamar Hipparchus da Varahamihira da Saha, shi ke ganewa. In aka bar lissafin yadda yake, nan da shekara kusan 11,000 bikin juyowar rana arewa zai faɗo ƙarshen Yuni, daidai lokacin da take juyawa kudu.