Wa Ke Da Wuƙa Da Nama A Mujallar Nazari Ta Jami'a?

Sau da yawa ɗalibi kan ji a rediyo, ko ya karanta a littafin makaranta, cewa masana sun gano abu kaza. Abin da ba a cika bayyana masa ba shi ne inda masanan suka fara faɗin maganar, da kuma waɗanda suka auna ta kafin ta fito. Masani ba ya gama bincikensa ya zarce gidan jarida. Yakan rubuta maƙala ne, ya bayyana abin da ya gwada, da yadda ya gwada shi, da sakamakon da ya samu, sa'an nan ya aika wa wata irin mujalla da ake kira mujallar nazari. Ba a sayar da irinta a bakin tasha, masu karanta ta kuma ba su da yawa, amma daga cikinta ne marubuta littattafan makaranta suke ɗebo abin da ake koyarwa a aji.

An soma buga irin wannan mujalla a Turai a shekarar 1665, lokacin da Journal des Sçavans ta fito a Faransa, Philosophical Transactions kuma a Ingila. A Nijeriya, cibiyoyin bincike na jami'o'i suna cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka soma a 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta fitar da Samaru Journal of Agricultural Research. A Kano kuwa, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fara buga Harsunan Nijeriya tun farkon shekarun 1970, kafin Jami'ar Bayero ta tsaya da ƙafafunta a 1977.

Mujallar da ke ƙarƙashin cibiya irin wannan ba a hannun mutum ɗaya take ba. Cibiyar ce mai mujalla: ita ke ba da ofis da kuɗin ɗab'i, darakta da hukumar cibiyar su ne kan naɗa babban edita. Shi babban edita, tare da kwamitin editoci, shi ke yanke hukunci kan abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Akwai kuma sakataren mujalla, wanda ba a cika jin sunansa ba, alhali shi ke rubuta ranar da kowace maƙala ta iso, da wanda aka aika wa, da ranar da ta dawo. Idan wannan littafi nasa ya rikice, to mujalla ta rikice.

Ginshiƙin aikin dai shi ne tantancewa. A ɗauka wani malami ya rubuto cewa wani sabon irin dawa ya fi na gargajiya yabanya. Edita zai cire sunan malamin daga maƙalar, ya aika wa masana biyu na wannan fanni, waɗanda shi ma marubucin ba za a gaya masa sunayensu ba. Su kuma sai su bi ta layi-layi. Gonaki nawa aka gwada? Damina nawa? An shuka irin gargajiyar a gefe, aka ba shi taki daidai da na sabon, ko kuwa an bar shi da yunwa ne aka ce ya gaza? Gwajin damina ɗaya a Samaru ba ya zama hujja ga manomin Sakkwato, inda ruwan sama bai kai na Zariya ba. Bayan haka kowannensu zai rubuto shawararsa: a buga, ko a gyara, ko a mayar wa mai ita. Galibi ba a biyan masu wannan aiki ko anini.

Wannan sikeli bai san babba ba, shi ne ma amfaninsa. A 1936 Albert Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen suka aika wa mujallar Physical Review ta Amurka maƙalar da ke cewa babu wasu igiyoyi na ƙarfin jan nauyi masu ratsa sararin samaniya, igiyoyin da shi Einstein ɗin da kansa ya yi hasashensu shekara 20 kafin nan. Editan, John Tate, bai ce ai Einstein ne ba. Sai ya aika wa wani masani, shi kuwa ya gano kuskure a lissafin. Einstein ya fusata, ya janye maƙalar. Amma da ta fito a wata mujalla a 1937, sai ga shi ya sauya matsayi, ya gyara kuskuren. A 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama waɗannan igiyoyi a karon farko.

To, sai dai abin da ya yi wa Tate sauƙi shi ne Einstein ba maigidansa ba ne. Editan mujallar cibiya ba shi da wannan gata. Mai kawo masa maƙala maƙwabcinsa ne a ofis, ko malamin da ya koyar da shi, ko ma daraktan da ya sa hannu a takardar naɗinsa. Daɗin daɗawa, a jami'o'in Nijeriya yawan maƙalun da malami ya buga na cikin manyan abubuwan da ake dubawa wajen ƙarin girma, tun daga ƙaramin malami har zuwa farfesa. Saboda haka wanda aka mayar wa da maƙala ba ya ganin an ƙi rubutunsa ne kawai, gani yake an tare masa hanyar abinci. Kunya da ganin ido sun fi cin hanci lalata irin waɗannan mujallu, domin ba wanda yake ɗaukar su a bakin laifi.

Maganin wannan ba jarumtar edita ba ce, ƙa'ida ce a rubuce wadda zai fake a bayanta. Mujallun da suka san abin da suke yi sukan sa masana daga wasu jami'o'i da wasu ƙasashe a kwamitinsu. Maƙalar ɗan gida ba a ba ɗan gida ya tantance ta. Idan edita ne da kansa ya yi rubutu, sai ya tsame hannunsa, wani edita ya riƙe al'amarin har ƙarshe. Akan kuma yanka wa edita wa'adi na wasu shekaru, a bayyana dalilan da za su iya sa a sauke shi, don kada ya zama duk ranar da ya ɓata wa wani babba rai sai ya tattara komatsansa. Wannan ba matsalar ƙananan mujallu ba ce kaɗai. A 1999 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta sallami George Lundberg, wanda ya shekara 17 yana editan mujallarta, saboda ya buga wata maƙala da ƙungiyar ta ga ta taɓa siyasa a lokacin shari'ar tsige Shugaba Clinton. Editocin mujallun likitanci suka yi caa a kan ƙungiyar, har aka kafa kwamiti na musamman da zai tsaya tsakanin mai mujalla da edita.

Sai batun kuɗi. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, takarda da tawada suka yi tsada, mujallu da dama na jami'o'in Nijeriya suka riƙa tsallake shekaru, ko su haɗa fitowar shekara biyu a kundi ɗaya. Intanet ta rage wannan wahala; tun 1998 shirin African Journals Online ke tattara mujallun Afirka a wuri guda. Amma ta zo da nata ciwon. Wasu mujallu sun koma karɓar kuɗi daga marubuta, wanda a kan kansa ba laifi ba ne, sai dai Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi. Guda 157 suka amince za su buga. Shi ya sa a mujalla mai tsari ba a maganar kuɗi sai bayan an yanke hukunci, mai riƙe da asusu kuma ba shi da bakin magana a kan wace maƙala za ta shiga.

Duk da wannan taka-tsantsan, ɓarna kan sulale ta wuce, domin mai tantancewa takarda yake gani, ba ya zuwa gona ko ɗakin gwaji. Idan aka gano satar fasaha ko alƙaluman ƙarya bayan an buga, wajibi ne kwamitin editoci ya janye maƙalar. Ba a yage ta daga kundi. Akan bar ta ne da tambarin janyewa, tare da bayanin dalili, don mai bincike na gaba ya san ramin da ke wurin. Jinkiri a nan yana da tsada. A 1998 mujallar The Lancet ta Ingila ta buga maƙalar Andrew Wakefield, wadda ta dogara kan yara 12 kacal, ta kuma sa iyaye zargin cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum tana jawo wa yara larurar ƙwaƙwalwa. Manyan binciken da aka yi daga baya ba su sami wata alaƙa ba, amma mujallar ba ta janye maƙalar gaba ɗaya ba sai a 2010. Kafin nan iyaye da yawa sun riga sun ƙi kai 'ya'yansu rigakafi, har a 2008 hukumomin lafiya suka bayyana cewa ƙyanda ta sake samun gindin zama a Ingila da Wales, shekara 14 bayan an shawo kanta.