Sauna da Gigin Tsufa: Kafin Ka Kai Baba Ɗakin Gumi

Wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp: wai zama a ɗakin zafi har gumi ya karyo yana wanke ƙwaƙwalwa, ya hana gigin tsufa. A Abuja maganar ta samu kasuwa, domin manyan otal-otal da gidajen motsa jiki na Maitama, Wuse da Asokoro suna da ɗakunan sauna, kuma ɗan da Allah ya hore wa yana son ya ga iyayensa sun tsufa da hankalinsu. Niyyar ba laifi. Amma kafin a ɗauki Baba mai shekara 75, ga hawan jini, a zaunar da shi cikin zafin digiri 80, a fara sanin inda zancen ya samo asali.

Daga ƙasar Finlan ya fito, inda kusan kowane gida yake da sauna. Masu bincike a Jami'ar Gabashin Finlan, ƙarƙashin Farfesa Jari Laukkanen, sun bibiyi maza 2,315 na yankin Kuopio, masu shekara 42 zuwa 60, har kimanin shekara 20. Sakamakon da suka fitar a ƙarshen 2016 ya nuna cewa masu shiga sau huɗu zuwa bakwai a mako, haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa ya yi ƙasa da na masu shiga sau ɗaya da kashi 66 cikin 100. Wannan adadin ne ake ta tallatawa.

Ga abin da mai talla ba ya faɗa. Babu mace ko ɗaya a cikinsu. Ba tsofaffi ba ne sa'ad da aka fara, magidanta ne da suka tashi da sauna tun suna yara. Kuma kallon rayuwarsu kawai aka yi, ba gwajin magani ba. Wanda yake da ƙarfin shiga kullum wataƙila da ma lafiyayye ne, wanda ciwo ya fara taɓawa kuwa shi ke janye jiki. Masana suna hasashen zafin yana sassauta jijiyoyin jini, ya rage hawan jini, ƙwaƙwalwa ta amfana. Maganar tana da kan gado, amma hasashe ce. Babu gwajin da ya tabbatar cewa tsoho zai fara sauna yau ya tsira daga mantuwa, balle a ce tana warkar da wanda ya riga ya ruɗe.

Sannan mutumin Kuopio idan ya fito, sanyi yake tararwa. Mutumin Gwagwalada ko Nyanya a watan Maris fa? Rana ce mai kusan digiri 40, ga ɗaki rufin kwano, ga wuta an ɗauke. Mu zafi ba sai mun saya ba. Jikin tsoho ba ya yin gumi kamar na saurayi, kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da ruwan jikinsa ya ƙare. In yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, jini na iya faɗuwa farat ɗaya, jiri ya ɗebe shi, ya faɗi ya karya ƙugu, ko ƙoda ta taɓu. A Afrilun 2024, da zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara 60. A Hajjin 2024 ma fiye da alhazai 1,300 suka rasu, zafi ne babban sanadi.

Mu Hausawa ma muna da namu darasin. A shekarun 1970, likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya kan gado mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. In zafi ya iya wahalar da zuciyar mace mai ƙuruciya, ina ga ta kakarta? Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa zai haɗa tasa saunar a gida: ya kulle ɗaki, ya hura gawayi, ya lulluɓe tsohuwa da bargo kamar mai sirace. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba wadda ba ta da wari, mutum sai ya yi barci ya zarce.

Abin da ke kare ƙwaƙwalwa ba ya da tsada haka. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ce a 2024 kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da za a iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, rashin motsa jiki, kurumta, raunin gani da kaɗaici. Kuɗin shiga sauna na wata guda gara a sayi na'urar awon jini da shi, a kai Mama a duba mata yanar ido, a daina barin ta ita kaɗai da talabijin a gidan Gwarimpa daga safe har dare. Tattakin Baba zuwa masallaci da asuba, da hirar da yake yi a ƙofar gida, suna cikin maganin.

Dattijon da yake da lafiya kuma yana sha'awar sauna, ya fara ganin likitansa, ya sha ruwa, ya taƙaita zama, kada ya shiga shi kaɗai ko yana azumi. Idan kuwa mantuwa ta fara, yana maimaita tambaya, yana ɓata a hanyar da ya sani, kada a ce tsufa ne kawai, kada kuma a jefi tsohuwa da maita. A kai mai mantuwar Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, domin wata mantuwar daga ƙarancin sinadarin B12 ce ko matsalar maƙoƙo, kuma tana jin magani. Wanda ya wayi gari lafiya, kafin la'asar ya rikice, jikinsa zafi rau, wannan ba gigin tsufa ba ne. A kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki da ruwan sanyi, a nemi mota zuwa asibiti nan take.