Ɗumama Gida ta Ƙarƙashin Daɓe: Gargaɗi ga Masu Kama Haya a Ƙasashen Sanyi

Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zuwa Jamus, Ingila ko Koriya ta Kudu sukan kama hayar ɗaki, su duba bango ba su ga radiyetar ɗumama ɗaki ba, amma su ji daɓe da ɗumi kamar an shanya shi a rana. Sirrin yana ƙasa. Bututan roba ne aka nannaɗe, aka zuba musu siminti, ruwan ɗumi yana zagayawa a ciki. Wanda ya san gadon ƙasa na mai jego, da ake hura wa wuta ta ƙarƙashi, ya riga ya gane dabarar. Mutanen Koriya suna kiran nasu ondol, kuma sun daɗe da shi tun ana amfani da hayaƙin murhu. A shekarun 1960 da 1970 iskar gawayin kwal da ke ɓullowa ta tsagar daɓe ta halaka mutane da yawa suna barci, wannan na cikin abin da ya sa aka koma ga ruwa.

Wannan dabara tana rage kuɗin ɗumama gida, to ina sauƙin yake? Radiyeta ƙarama ce, don haka sai ruwa ya kai digiri 60 zuwa 70 kafin ta ƙoshar da ɗaki. Daɓe kuwa faɗinsa faɗin ɗakin ne gaba ɗaya, ruwa mai digiri 35 zuwa 45 ya wadatar. Tukunyar gas ta zamani da ke ɗumama ruwan ta fi tattalin mai idan ruwan da ke komo mata bai kai digiri 55 ba. Ita kuwa na'urar da ke zuƙo zafi daga iskar waje, iyakar sanyin ruwan da ake nema iyakar ƙarancin lantarkin da take sha. Sannan ɗumin daga ƙafa yake tasowa, ba ya taruwa a silin, shi ya sa mutum kan ji daɗi ko da iskar ɗakin ta ragu da digiri ɗaya ko biyu.

Amma fa wannan riba ba ta samuwa sai an bi ƙa'ida, kuma a nan ne baƙo ke yin asara. Siminti ba ya ɗaukar zafi da wuri, ba ya kuma sakin sa da wuri. Mutum ya dawo daga makaranta yana rawar ɗari, ya murɗa ma'aunin zafi zuwa ƙarshe, ya jira shiru. Sai bayan sa'o'i ɗakin ya zama tanderu, ya tashi ya buɗe taga, kuɗinsa na fita waje. Murɗawa da ƙarfi ba ta ƙara masa sauri. A saita shi wajen digiri 20 ko 21, a ƙyale shi. Da dare a ɗan rage, kada a kashe. A Jamus ma sai ƙarshen shekara ake yin lissafin abin da aka sha, lokacin ne takardar cikon kuɗi ke zuwa ta tayar da hankali.

Sai batun kafet. Mu masu son zama a ƙasa ne, kuma ba ma raina shimfiɗa mai kauri. To kafet mai kauri da katifar da aka yada kai tsaye a ƙasa toshe ɗumin suke yi, tukunya ta yi ta aiki ɗaki bai ji ba, in kuma akwai katako a kan daɓen yana iya bankarewa. Darduma ta salla ba ta da laifi. Ƙa'idar Turai ta ce kada saman daɓen ɗakin zama ya wuce digiri 29. Idan tafin ƙafa yana jin zafi sosai, saitin ya ɓaci, a kira mai gida. Kada a kwantar da jariri ya yi barci a kan daɓen, kada kuma a ajiye magani ko buhun dankali a kai.

Ƙusa da na'urar huda ƙasa haramun ne a irin wannan gida. Bututu ɗaya ya fashe, sai an fasa daɓe kafin a kai gare shi, kuma ɗan haya ne zai biya.

Kafin a sa hannu a takardar haya, a tambaya: ruwa ne ko wayar lantarki ce a ƙasan? Ta lantarkin ta fi cin kuɗi nesa ba kusa ba. A kuma tambaya ko an shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin bututan, musamman a hawan ƙasa, domin in babu shi wani kaso na ɗumin cikin ƙasa yake zurarewa.