Hasken rana kyauta ne, amma gina tasharsa sai da banki

A watan Agusta na shekarar 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar sakamakon takunkumin CEDEAO, mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana kuɗarsu, domin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da ƙasar ke sha daga can take zuwa. Jama'a da dama sun yi ta tambaya: ƙasar da Allah Ya hore wa rana haka, me ya hana ta dogara da ita? Amsar tana wajen masu kuɗi.

Tashar da ke aiki da gazuwal ana gina ta da araha, sannan a yi ta sayen mai kullum. Ta hasken rana kuwa kusan dukan kuɗinta tun farko ake zuba su, kafin ta ba da wuta ko ta ƙwan fitila ɗaya. Saboda haka sai an ci bashi mai tsawo, kuma yawan kuɗin ruwan da aka ɗora wa bashin shi ke yanke farashin wutar.

A nan ne bankunan zuba jari ke shigowa. Aikinsu ya bambanta da na bankin da ma'aikaci ke karɓar albashi. Su ne ke binciken ko aikin zai biya kansa, su kafa masa kamfani na musamman, su haɗa masu hannun jari da masu ba da bashi. Galibi bashi ne ke ɗaukar kashi 70 zuwa 80 na kuɗin. Jinginar ita ce yarjejeniyar da kamfanin lantarki na ƙasa ya sa wa hannu cewa zai sayi wutar a kan farashi sananne har shekara 20 ko 25.

Ƙasar Senegal ta gwada wannan hanya. Ƙarƙashin shirin Scaling Solar na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa, an yi gasar neman kwangila a 2018. Kamfanonin Engie da Meridiam suka ci, da farashin da ya kama kimanin sefa 25, wato dala biyar, a kan kowane kilowat na awa guda. IFC da Proparco da Bankin Zuba Jari na Turai suka ba da bashi, hukumar MIGA ta tsaya lamuni, tashoshin Kahone da Kael masu megawat 60 suka fara aiki a 2021.

A Nijar, manyan tashoshin da aka gina da kuɗin gwamnatoci aka yi su. Ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018, bashin bankin Exim na Indiya ne. Ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta ci kusan miliyar 20 na sefa, daga bashin hukumar AFD ta Faransa da tallafin Tarayyar Turai, ta kuma fara ba da wuta a ƙarshen 2023.

Irin wannan kuɗi yana da iyaka, kuma yana tafiya da yanayin siyasa. Akwai wata ƙofar: a watan Janairun 2021 bankin BOAD da ke Lome ya sayar da takardun lamuni na euro miliyan 750 don ayyukan raya ƙasa da kare muhalli, da ruwa kashi 2,75 cikin ɗari.

Sai dai mai kuɗi ba ya saka dukiyarsa a duhu. Abin da yake dubawa shi ne ko NIGELEC na tattara kuɗin wutar da ta sayar, ko layukanta za su iya ɗaukar sabuwar wuta, da kuma ko yarjejeniya za ta tsaya ko da gwamnati ta canza. Idan waɗannan suka inganta, ruwan bashi zai sauka, mai injin niƙa a Tasawa da mai walda a Tawa su gani a takardar biyan wutarsu.