Hasken da Ido Ba Ya Gani da Binciken Ciwon Daji

Duk wanda aka taɓa yankar 'yar tsoka daga jikin ɗan'uwansa, aka ce masa ya je gida sai sakamako ya fito, ya san nauyin wannan jira. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da ake yi da tsokar a bayan ƙofar ɗakin gwaji.

Da farko ana jiƙa ta a ruwan fomalin don kada ta ruɓe, a daskarar da ita cikin kakin farafin, sannan a yanko ta siririya, kaurinta bai wuce mikiron 3 zuwa 5 ba, alhali mikiron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sai a ɗora a gilashi a rina, kamar yadda marini ke tsoma zane a baba. Rini biyu ake amfani da su tun ƙarshen ƙarni na 19: himatoksilin mai mayar da tsakiyar ƙwayar halitta shuɗiya, da iyosin mai sa sauran jikinta ruwan hoda. Daga nan likitan binciken tsoka ya kafa ido a madubin likita, ya duba siffar ƙwayoyin da jerinsu, ya yanke hukunci. Aiki ne na gwaninta, sai dai yana cin lokaci, kuma a inda al'amari ya rikice, ƙwararru biyu kan saɓa wa juna.

A nan ne hasken infirared ya shigo. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800, lokacin da ya raba hasken rana kala-kala, ya ajiye ma'aunin zafi gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya ƙaru. Daga baya masana suka fahimci cewa kowane sinadari yana da irin nasa motsi, kuma yana shan wani kaso na wannan haske daidai da motsin. A ma'aunin da suke aiki da shi, furotin kan sha haske a wajen lamba 1650, DNA a 1080 da 1240, kitse kuma a 2850 da 2920. Tsakanin lamba 1800 da 900 ne bayanai suka fi cunkushewa, har ake kiran wurin zanen yatsa.

Ƙwayar sankara kuwa tana sauya yadda take sarrafa furotin da kitse da sukari, don haka zanen yatsanta ya bambanta da na lafiyayyiya. Idan aka haska yankin tsoka ba tare da rini ba, kowane ɗigo na hoton yana ɗauke da bayanin sinadaransa. Kwamfutar da aka horar da dubban samfura sai ta zana taswira: nan lafiyayyen nama, nan kumburi, nan ciwon daji. Tsokar kuma tana nan yadda take, ana iya sake wani gwaji da ita.

A 2005 Ira Levin da Rohit Bhargava da abokan aikinsu a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wallafa aikin da ya nuna cewa hanyar tana bambance sassan tsokar furostet ta maza. Bhargava ya ci gaba da binciken a Jami'ar Illinois, yayin da Klaus Gerwert a Bochum ta Jamus ya maida hankali kan sankarar hanji. Babbar matsalar farko ita ce jinkiri, domin hoto guda kan ci sa'o'i. Wata leza da aka ƙirƙiro a Bell Labs a 1994 ce ta rage wannan zuwa mintuna bayan an haɗa ta da madubin infirared.

Duk da haka, da sauran rina a kaba. Gilashin asibiti na yau da kullum yana shanye yawancin wannan haske, sai an nemi faranti na musamman mai tsada. Kakin farafin ma yana da nasa zanen da ke rikita karatu. Hoton bai kai na madubin likita fitowa tar ba, saboda zangon infirared ya fi na hasken gani tsawo. Shi ya sa har yanzu aikin ya fi yawa a ɗakunan bincike.

A 2022 an ƙiyasta sababbin masu ciwon daji miliyan 20 a duniya, kimanin miliyan 9.7 kuma suka rasu. A ƙasashe irin Najeriya da Nijar, inda likitocin binciken tsoka suka yi ƙaranci, na'urar da za ta tace samfura ta ware masu hatsari domin likita ya fara da su za ta rage wa mutane kwanakin fargaba. Hukunci na ƙarshe yana hannun likita, amma ya kamata jami'o'inmu su fara horar da matasa a wannan fanni, su kuma tattara samfuran tsokar mutanenmu, domin kwamfuta abin da aka koya mata kaɗai take ganewa.