Harshen Koyarwa a Makarantun Intanet: Ɗaya Ya Isa ko Sai an Ƙara?



Batun da zan yi magana a kansa yau shi ne ko ya kamata makarantar da ke koyarwa ta intanet ta buɗe azuzuwa cikin harsuna da yawa, ko kuwa ta tsaya a kan harshe ɗaya. Zan fara da abin da ya faru a inda irin waɗannan makarantu suka fara ƙarfi, sa'an nan in dawo gida.

A shekarar 2011 malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka saki wani darasi na Jami'ar Stanford ta Amurka a intanet kyauta, mutum wajen 160,000 suka sa suna. A 2012 aka kafa Coursera, jami'o'in Harvard da MIT kuma suka kafa edX. Kusan dukan darussan farko da Turancin Ingilishi aka yi su. Aka yi ta murna cewa ƙofar ilmi ta buɗe wa kowa, alhali kuwa ta buɗe ne ga wanda ya riga ya iya Turanci har yana iya bin lacca da shi.

Hanya biyu aka bi don gyara wannan. Ta farko ita ce a bar malami yana maganarsa da Turanci, a rubuta fassara a ƙasan hoton. Ta biyu kuwa ta samu ne bayan edX ta saki manhajarta a 2013 don duk mai so ya gina tasa makarantar a kai. A wannan shekara Jami'ar Tsinghua ta ƙasar Sin ta buɗe XuetangX, gwamnatin Faransa ta kafa FUN, a 2014 kuma gidauniyar Sarauniya Rania ta Jodan ta buɗe Edraak da Larabci. Waɗannan ba su tsaya ga fassara kawai ba. Sun nemo malamai masu harshen, suka shirya darussa, suka buɗe dandalin tambaya da amsa cikin harshen.

Bambancin nan shi ne ƙashin bayan laccata. Aji ba lacca ce kaɗai ba. Aji wuri ne da ɗalibi zai ce bai gane ba a sake masa bayani, ya yi kuskure a gyara masa, ya yi gardama da abokin karatunsa. Idan an fassara maganar malami zuwa Hausa, amma tambaya sai da Turanci, jarrabawa da Turanci, mai duba aiki ma bai san Hausa ba, to, ɗalibin nan ɗan kallo ne, yana ji amma bakinsa a rufe. Tun Disamba 2013 Google Translate ta sa Hausa cikin harsunanta, kuma fassarar na'ura ta ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, ta rage tsadar aikin. Duk da haka, wanda zai karanta amsar ɗalibi ya gane inda tunaninsa ya karkace, dole ya zama ya san fannin, ya kuma san harshen.

Wani zai ce, ai ɗalibi zai yi asarar Turanci idan aka koya masa da harshensa. An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da yaran firamare shekara shida cur da Yarabanci, Turanci yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuwa sun nuna fahimta mai kyau. Na san yaran firamare daban, magidanci mai karatun lissafin kuɗi da dare a wayarsa daban. Amma abin lura shi ne aikin da aka sha kafin a kai ga wannan sakamako: sai da aka rubuta littattafai, aka ƙirƙiro kalmomin kimiyya da lissafi, aka horar da malamai.

A nan ne masu cewa a tsaya ga harshe ɗaya suke da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Kowane harshe da aka ƙara yana bukatar nasa malaman da nasa masu kula da dandali. Idan aka gyara darasin asali, sai a bi kowace fassara a gyara, in ba haka ba ɗalibin Hausa ya zauna da tsohon bayani bai sani ba. Mafi muni kuma shi ne rarrabuwar jama'a. Ɗalibai masu ƙwazo, da yake yawancinsu sun iya Turanci, sai su taru a zauren Turanci, a bar zauren ƙaramin harshe fayau, mutum ya yi tambaya ta kwana bakwai ba wanda ya tanka. Ku ma'aikata kuma kun san wata matsalar fiye da ni: takardar shaidar da aka samu da Hausa, wane ofis ne zai karɓe ta wajen ƙarin girma?

Saboda haka ra'ayina shi ne a ƙara harsuna, amma kada makaranta ta sanar da harshen da ba ta da malamin da zai amsa tambaya da shi. Gara harshe biyu masu rai da goma na ado. Kuma kada a gina katanga tsakanin zaurukan: a bar kalmomin fanni na asali kusa da na gida, don ɗalibi ya iya ƙetarawa zuwa littattafan da ba a fassara ba. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantun ilmi na zaure almajiri kan ja baƙi da Larabci, malam yana fassarawa da Hausa gaɓa gaɓa, a yi tambaya da Hausa, a ƙarshe almajirin ya fita da fiƙihu da Larabci gaba ɗaya.

Hausa kuwa tana da wata dama da ba kowane harshe ke da ita ba. Ɗalibin Katsina ya yi boko da Ingilishi, na Maraɗi ya yi da Faransanci, ba su iya zama aji ɗaya da ɗayan harsunan biyu, amma da Hausa za su iya. A 2025 ma hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai akwai aiki, gama aron kalmomin ya sha bamban: abin da mu ke kira makaranta, a can za ka ji lakwal. In a zancen yau da kullum haka ne, ina ga kalmomin kimiyya? Jerin kalmomi guda da malaman ɓangarorin biyu suka amince da shi, shi ne aikin da ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu da na Nijar su fara zama a kansa tun kafin a ɗauki lacca ko ɗaya.