Iska da Surar Mota: Daga Filin Tsere zuwa Hanyar Boɗinga da Shagari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal, ya san cewa iska tana da ƙarfi. In tafin hannun a tsaye yake sai ta tura shi baya, in kuwa an ɗan karkata shi sai ta cira shi sama. Waɗannan abubuwa biyu za mu kira su turjiya da ɗagawa. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana yadda maƙeran motocin tsere suke sarrafa su, sa'an nan ta nuna cewa ƙa'idar da ta hau kan Ferrari ita ce ta hau kan motocin haya da ke jigila a wannan hanya.

Dangantakar ba ta nesa ba ce. Kamfanin Pininfarina na Italiya, wanda ya zana surar Ferrari da yawa, yana da hannu a zanen Fijo 504 ta 1968, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, a kamfanin da Alhaji Shehu Shagari ya shugabanci hukumar daraktocinsa kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

2.0 Turjiya

Abubuwa huɗu ne suke ƙayyade turjiya: nauyin iskar kanta, da faɗin gaban mota, da surarta, da gudunta. Gudu shi ne uba a cikinsu, domin in aka ninka shi sau biyu turjiya takan ninku sau huɗu, ƙarfin injin da za a cinye ta da shi kuma ya ninku sau takwas.

Ita kuwa sura, injiniyoyi suna auna kyanta da wani adadi da suke rubutawa Cd. Gwargwadon ƙanƙantarsa, gwargwadon sulɓin mota a cikin iska. Alal misali, a ɗauki mota mai faɗin gaba murabba'in mita 2 da Cd 0.30. A gudun kilomita 100 cikin awa, iska za ta danne ta baya da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 28, kuma dawakin inji 10 sun isa su ture shi. A kilomita 200 sai an sami dawakai fiye da 80, a kilomita 400 kuwa fiye da 650. Wannan lissafi ne ya sa Bugatti Veyron ta 2005 ta buƙaci dawakai 1,001 kafin ta kai kilomita 407.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yawancin turjiya daga bayan mota take fitowa. Inda iska ta rabu da jikin mota takan bar gurbi mai raunin matsi, wanda yake jan motar baya. Shi ya sa ƙurar hanyar burji take lulluɓe gilashin bayan bas, alhali na gaba fes yake. Magabata sun nemi magani ta hanyar kwaikwayon ɗigon ruwa. Motar da Edmund Rumpler ya ƙera a Jamus a 1921, da aka gwada ta a zauren iska na Volkswagen a 1979, sai aka tarar adadinta 0.28 ne. Daga baya Wunibald Kamm ya nuna cewa ba lalle ba ne a ja wutsiya mai tsini: in an tsuke ta kaɗan, aka datse ta tsaf, hasarar ba ta da yawa.

3.0 Ɗagawa da dannawa

Sulɓi kaɗai ba ya wadatarwa. Mota mai doron sama da shimfiɗaɗɗen ciki ta yi kama da fiffiken jiragen da ke tashi daga filin Sultan Abubakar III, kudu da birnin Sakkwato. Iskar da ta bi ta doron takan ƙara sauri, matsinta ya ragu, sai motar ta fara sauƙi a kan tayunta. Taya kuwa da nauyi take kama kwalta, saboda haka sitiyari da birki duk sukan yi rauni. Audi TT ta 1998 ta yi haɗurra a gudu mai tsanani, har kamfanin ya janye ta, ya ƙara mata ɗan leɓe a kan but tare da wasu gyare-gyare. A gasar Le Mans ta Faransa a 1999, iska ta shiga ƙarƙashin Mercedes CLR ta wuntsila ta sama.

Maganin shi ne a kifa fiffike, ya riƙa danna mota ƙasa. Jim Hall na Amurka ya ɗora irinsa a kan Chaparral 2E a 1966. A 1977 kamfanin Lotus na Ingila ya mayar da ƙarƙashin gefunan motarsa kamar kifaffen fiffike, ta yadda iskar da ke gudu tsakanin mota da kwalta take zuƙo ta ƙasa. Da motar da ta gaji wannan dabara Mario Andretti ya ci kambin duniya a 1978.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Fiffike yana ƙara turjiya, har adadin Cd na motar Formula 1 yakan ninka na motar gida. Haka nan kafofin sanyaya inji. A Le Mans ta 1988, motar WM mai injin Fijo ta kai kilomita 405 bayan an toshe wasu kafofinta, amma zafi ya hana ta gama tseren. Ashe aikin mai zane sulhu ne tsakanin gudu, da kama hanya, da sanyaya inji.

4.0 Darasi ga hanyarmu

Na farko, lodi. In an ɗaure buhuna da katifu a kan rufi har faɗin gaba ya tashi daga murabba'in mita 2 zuwa 3, turjiya ta ƙaru da rabi ke nan, tun kafin a lissafa hargitsin da kayan suke jawo wa iska. But da aka bari a buɗe saboda kaya yana faɗaɗa gurbin baya, nauyin kuma yana ɗaga hancin mota ya rage wa tayun gaba riƙo.

Na biyu, yanayi. Hanyar ta miƙe ne daga Sakkwato zuwa kudu maso yamma, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa. Direban da ya taso daga Shagari ya nufi Boɗinga da gudun kilomita 100, in iska mai kilomita 20 ta tare shi, turjiyarsa ta ƙaru da kashi 44 cikin 100. Da damina kuma guguwar hadarin gabas takan bugi mota ta gefe, kuma dogon lodi shi ne yake ba ta wurin kamawa.

Na uku, gudu. Wanda ya sauko daga kilomita 120 zuwa 90 ya rage turjiya da kusan kashi 44 cikin 100, ya kuma rage shan mai.

Na huɗu, fiffiken ado da samari suke sa wa motocinsu. Dannawa ma da gudu take ƙaruwa, don haka a gudun da doka ta yarda da shi amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda aka ɗaura ba bisa gwaji ba yana iya ƙara turjiya a banza.

5.0 Kammalawa

An nuna cewa iska tana tare mota, tana kuma ɗaga ta, kuma surar motar tsere sakamakon daidaita waɗannan biyu ce. Shawararmu ita ce malaman kimiyya na kwalejoji da makarantun koyon sana'a su tace kalmomin da aka gabatar a nan, wato turjiya, ɗagawa da dannawa, su shigar da su cikin darussa. Haka kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da shugabannin direbobi su riƙa kai wannan lissafi tasha da harshen Hausa. Direban da ya gane cewa lodin rufi daga aljihunsa yake shan mai, zai fi saurin sauke shi fiye da wanda aka tsorata da tara kawai.